Mai Shan Maganin Wumbei

Wata huɗu na yi ina ba da magani da sunan mutumin da ya shekara biyu a kabari, kuma duk tsawon watannin nan akwai wanda yake haɗiye maganin. Ni na ƙulle shi a leda da hannuna, ni na rubuta sunan a jiki. Saboda haka in ana neman mai laifi a labarin nan, kada kowa ya wahalar da kansa zuwa nesa.

Sunana Pagwuni, amma a Dimbali Madam kawai ake ce min. Ni ce nas ɗin masu taɓin hankali a ƙaramin asibitin garin, ni kaɗai, shekara tara ke nan. Ofishina wani ɗaki ne da a da ake jibge tsofaffin katifu, har yau warinsu bai gama fita ba. Ainihin aikin a rumfar bayan asibiti ake yinsa, kowace Alhamis. Nan ake haɗuwa da waɗanda tramol ta cinye, da masu jin muryoyi, da matan da suka haihu hankalinsu bai dawo daidai ba, da iyayen da suka gaji har sun daina kuka. A zauna a benci, kowa ya faɗi yadda makonsa ya wuce, a yi dariya, wani lokaci a yi faɗa, sannan in buɗe akwatin magani.

Ina da doka guda, ni na kafa ta, kuma ina ji da ita. Ba na ba majinyaci maganinsa a hannunsa. Mutumin da ya saba watsa ƙwaya goma a baki lokaci ɗaya ba a damƙa masa ta wata guda a ce ya yi hankali. Kowa sai ya zo da mai riƙonsa, uwa ko mata ko gwaggo. Ita za ta karɓa, ita za ta riƙa ba shi, ita za ta dawo ta gaya min yadda yake. In damina ta kankama, mutane suka tare a gona, mai riƙo ita kaɗai ma ta wadatar.

Wumbei a bayan babur mai ƙafa uku aka kawo shi, irin na ɗaukar kaya, da sarƙa a ƙafarsa ta hagu, da gungumen da aka ɗaure sarƙar a jiki. Tramol ya fara sha don ya iya tayar da kunyar doya tun safe har yamma ba gajiya, daga baya ya fara jin ana kiransa daga wuraren da babu kowa. Uwarsa, Mma Napari, ita ta ɗaure shi, wata bakwai, domin shi kaɗai gare ta kuma ya fara bin kiran. Na aika aka kira mai walda ya yanke sarƙar a gaban kowa. Sannan na ɗaga ƙwayar magani sama, 'yar fara ƙarama, na ce da ita abin da nake ce wa kowace mai riƙo.

"Mma, ki jefar da ƙarfen nan. Ga abin da zai riƙe miki shi. Kullum, ko ya yi ƙiba, ko ya rantse miki ya warke. Ranar da kika daina, ranar zai tafi."

Har waƙa na mayar da maganar. In na ce "Ranar da kika daina," sai rumfa ta amsa gaba ɗaya, "Ranar zai tafi!" Ina jin daɗin yadda suke amsawa, ba zan ɓoye ba.

Wumbei ya samu sauƙi ƙwarai. Ashe mutum ne mai barkwanci. Matarsa da ta koma gidansu ta dawo. Duk Alhamis sai ya zo gabana ya ɗage ƙafar wando, ya turo min ƙafarsa ta hagu, ya nuna baƙin tabon da ya zagaye idon sawun.

"Madam, kin ga munduwar da Mma ta saya min? Ko matata ba ta da irinta."

Mma Napari ta kai masa duka da gefen mayafi, mutane su yi ta dariya.

Shekara guda suna zuwa, sai na daina ganinsu. Na aika sau biyu, aka ce sun koma ƙauyensu na gona, Kukpali, can ƙetaren rafi. Na ce zan je. Hanyar ba kyau, majinyata sun yi yawa, yau da gobe har katinsa ya gangara ƙasan aljihun tebur, ban je ba.

Bayan shekara biyu, farkon damina, sai ga Mma Napari a bakin rumfa. Ta rame, wuyanta ya yi tsawo. Ta durƙusa muka gaisa, ta ajiye min curin man kaɗe a ganye, ta ce Wumbei yana gona ba zai iya barin aiki ba, amma ciwon yana so ya motsa. Na wanke ta tas a gaban jama'a kan shekara biyun da ta ɓace. Na san ƙa'ida sarai, wanda ya yi shekara biyu ba a gan shi ba sai an gan shi kafin a ba da magani. Amma hadari ya haɗo, mutum arba'in suna jirana, ga ta kuma ta sunkuyar da kai yadda nake son a sunkuyar min. Na ƙulla mata na wata guda.

Daga nan ba ta ƙara fashi ba. Wata na farko ta ce yana barci sosai, ya daina yawo. Na ce madalla. Wata na biyu ta ce yawu yana dalala masa. Na ce maganin yakan yi haka, ta riƙa goge masa. Ta tambaye ni ko ana iya sa shi a koko, kuma ko yana lalacewa in an kankare shi da wuƙa. Na ɗauka ya fara ƙin haɗiya ne, na ce ta sa a kokon. Wata na uku ta matso kusa da ni ta yi ƙasa da murya, ta ce wani lokaci wuyansa yakan ƙage ya karkace gefe guda, idanunsa su kafe sama, ya daɗe a haka. Na ce lallai ta kawo min shi in gani. Ta ce sai an gama noman biyu.

Duk da haka sai da na yi misali da ita. Na ce, "Ku dubi Mma Napari, daga Kukpali take zuwa, kuma babu abin da yake wuce idonta. Wasunku ko ɗansu ya haɗiye cokali ba za su lura ba." Aka yi mata tafi. Ita kuwa ƙasa take kallo, ko murmushi ba ta yi ba.

A wata na huɗu muka samu sabon mutum, Ziblim, direban babur mai ƙafa uku. Mako uku ke nan rabonsa da tramol, hannunsa na rawa amma bakinsa garau. Ranar Alhamis ɗin Mma Napari ta karɓi ledarta da wuri, ta ce za ta bi motar kasuwa. Tana fita shi kuma yana shigowa. Ya durƙusa zai gaishe ta, ta ja mayafi ta rufe gefen fuska, ta wuce da sauri ba ta amsa ba. A wurinmu tsohuwa ba ta wuce wanda ya durƙusa mata. Ziblim ya bi ta da kallo, ya zo ya tsaya a gefen teburina.

"Madam, ashe Mma Napari ma ta shigo ƙungiyarmu ta masu lafiya?"

"Kama bakinka. Ɗanta take karɓa wa."

"Wane ɗan? Ai ɗaya gare ta."

"Shi ɗin. Wumbei."

Ya fara dariya, da ya ga fuskata sai dariyar ta tsaya.

"Madam, ni na riƙe ƙafafunsa ranar da muka fito da shi daga dam."

"Ziblim, ka sha wani abu yau?"

"Wallahi ko koko ban sha ba. Ni ɗan Kukpali ne. Bana damina ta uku ke nan. Ya ce maganin yana sa jikinsa nauyi, ba ya iya tayar da kunya, ya roƙi Mma ta bar shi ya huta har a gama shuka. Ta yarda. Bai cika mako uku ba. Da rana tsaka, mata na ɗiban ruwa, ya zo ya wuce su hannunsa a baya, ya shiga ruwan yana tafiya kamar an kira shi. Ko waiwaye bai yi ba."

Abin da ya fara zo min shi ne sayar da maganin take yi, ko kuma ita take sha. Amma wuyanta lafiya lau, bakinta a bushe. Kuma abubuwan da ta yi ta gaya min, barcin, yawun, wuyan da ke karkacewa, idon da ke kafewa, ba abin da tsohuwar Kukpali za ta ƙirƙira ba ne. Da idonta ta gan su a jikin wani.

"Wa yake gidan tare da ita?"

"Ba kowa. Ita kaɗai ce." Can ya ƙara da cewa, "Sai yaron."

"Wane yaro?"

"Ai matar tana da ciki lokacin. Wata uku da rasuwar ta haifi namiji, aka sa masa Suhuyini. Farkon daminar nan ta yaye shi ta tafi Kumasi dako, ta bar wa Mma shi." Ya sosa ƙeya. "Kin san an je wurin baga, mai dubanmu, an duba. Ya ce uban ne ya dawo. Mutane ma sun yi ta mamaki, an saba kakanni ne suke dawowa, wannan ko hutawa bai yi ba."

Ba sai an yi min bayani ba. Duk jaririn da aka haifa mana sai an je wurin mai duba an ji wanda ya dawo a cikinsa. Ni kaina an ce ƙanwar kakana ce, har yau akwai tsofaffin da ke tsokanata suna ce min gwaggo. Ban taɓa ɗaukar abin da nauyi ba. Ranar nan kuwa ban san lokacin da na rufe akwatin magani na ce taro ya tashi ba. Na tura Ziblim bayan babur ɗina, na ce ya nuna min hanyar da ta fi kusa.

Motar kasuwa sai ta zagaya ta gada, mu kuwa ta rafi muka yanke, muka tura babur cikin ruwa har gwiwa. Rana tana tsakiya muka shiga Kukpali. Babu kowa. Maza suna gona, mata sun tafi tsintar kaɗanya, ko akuya ban gani ba. Zabi kawai ke bin gindin katanga, su ma ba sa kuka. Daga bakin ƙauyen ana hango dam, ya cika fal, ba abin da ke motsi a kansa.

Gidan yana can ƙarshe. Muka yi sallama sau uku. Tsakar gidan a share, murhu a mace. A ƙofar wani ɗaki an ajiye takalman namiji babba, an jera su tsaf suna kallon ciki, an goge su. Ƙofar kuma an ɗaure ta da igiya ta waje.

Ziblim ya ce, "Madam, ni a nan zan tsaya. Na riga na ɗauke shi sau ɗaya."

Na kwance igiyar. Da farko ban ga komai ba saboda duhun ɗakin, sai warin fitsari da man kaɗe. Can idona ya saba. Yana zaune a kan tabarma, an jingina shi da bango, yaro da bai wuce shekara biyu ba. An sa masa riga da aka rage daga rigar babba, na gane ta, shuɗiya ce mai ratsin fari da Wumbei yake zuwa rumfa da ita. Ga kwanon koko a gefensa, ƙudaje sun rufe shi. Tun asuba yake nan shi kaɗai, kuma babu alamar ya yi kuka ko ya matsa daga inda aka ajiye shi. Wuyansa ya karkace hagu, idanunsa suna kallon jinka, yawu ya jiƙa gaban rigar. A lungu ga gungumen nan da guntun sarƙar, ashe ba ta jefar ba.

Na durƙusa na kama hannunsa. Sandararre ne, da ƙyar ya lanƙwasu. Numfashi yana fita, amma a hankali ƙwarai. Na kira shi, "Suhuyini." Ko ƙiftawa bai yi ba.

"Madam, kin zo ganinsa?"

Na waiga a firgice. Mma Napari ce tsaye a ƙofa, ta tare hasken, ledar maganin tana hannunta. Ban ji shigowarta ba. Daga baya na ji cewa tun da ta ga Ziblim ta fasa jiran mota, ta hau babur ta biyo sawunmu. Muryarta a kwance take, kamar na zo mata ziyarar Sallah.

"Wumbei," ta ce, "ga Madam ɗinka ta zo."

Idanun yaron suka sauko daga jinka a hankali, suka tsaya a kaina. Sai ƙafarsa ta hagu ta zame gaba a kan tabarma, ta zo ta taɓa gwiwata. Na san jijiya ce ta motsa, maganin yakan sa haka. Na sani. Amma duk da haka sai da na kalli idon sawun. Akwai wani duhu-duhu da ya zagaye shi.

"Da shi aka haife shi," in ji ta.

Tsoro ne ya juye min ya zama faɗa, haka nake. Na miƙe na hau ta da masifa. Na ce kashe shi za ta yi, na ce maganin ƙato ne take ɗura wa jariri, na ce ta yi min ƙarya wata huɗu tana kallon idona. Ta bar ni na gama.

"Na yi miki ƙarya, gaskiya ne. Da na gaya miki da ba ki ba ni ba. Amma ban ba shi guda ba, ni ba mahaukaciya ba ce. Kankarowa nake da wuƙa, ɗan abin da zai hau kan farce, tun da yanzu ƙarami ne."

"Mma, wannan jikanki ne. Lafiyarsa ƙalau. Me ya yi da za ki ba shi magani?"

Ta shigo ta zauna a ƙasa kusa da shi, ta goge masa baki da gefen zaninta.

"Kwana biyu da tafiyar uwarsa, ina tuƙa tuwo, na waiga babu shi. A hanyar dam na same shi. Na dawo da shi, washegari ya koma. Na uku har ƙafarsa ta taɓa ruwa. Ba wanda ya taɓa kai shi wurin."

"Kowane yaro yana bin hanyar da ya ga mata suna bi. Uwarsa yake nema."

"Hannunsa a baya yake tafiya, Madam." Ta ɗago ta dube ni. "Na ɗauko sarƙar, na ga ƙafarsa ba za ta riƙe ta ba, kuma kin hana ni. Ke kika ce ga abin da zai riƙe min shi. Kika ce ranar da na daina zai tafi. Na daina, ya tafi. Ni na kashe shi, ni na ce ya huta. Yanzu Allah ya ji tausayina ya maido min shi, kina so in sake dainawa? Tun da na fara ba shi bai ƙara zuwa bakin ruwa ba."

Shekara tara ina magana mutane suna amsawa, ban taɓa jin maganata ta dawo min haka ba. Na ji kunya, na ji tausayinta, kuma na tsani kaina. Amma numfashin yaron yana ƙara yin nisa, ba lokacin tsayawa jin kunya ba ne. Na san in na ce zan ƙwace shi za ta kwanta a kansa, kuma ba wanda zai taya ni a ƙauyen nan. Abu ɗaya ya rage min, wata dokar tawa da ita ma rumfa ta haddace.

Na ce, "Mma, wa yake da ikon canza magani?"

Ta amsa yadda ake amsawa ranar Alhamis. "Madam kaɗai."

"To na gan shi, kuma na canza. Wannan ya yi masa ƙarfi. Zan kwantar da shi a Tamale yau ɗin nan. Ɗauko min sauran."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta tashi ta je jeren kwanoninta, ta sauke su ɗaya bayan ɗaya har na ƙasa. Ledojina ne a ciki, da rubutun hannuna, kusan duka a cike.

"Ina tara masa ne," ta ce. "Zai girma. Na san wata rana za ki gane ki hana ni."

Na ce, "Shi ke nan duka?"

"Abin da kika gani ke nan."

Tana ɗaura min shi a baya ta ce, "Tun da kika shigo ba ki kira sunansa ba." Na ce na kira, sunansa Suhuyini.

Kwana tara ya yi a Tamale. Likitan yara ya zage ni zagin da ban taɓa sha ba tun ina makaranta, ban buɗe baki ba, domin bai faɗi abin da ba haka ba. A kwana na huɗu wuyan ya saki. A na shida ya yi kuka, kuka na gaske mai cika ɗaki, ni da na tsani kukan yara na zauna ina saurare kamar ana min kiɗa. Na nuna wa likita duhun idon sawun. Ya ce tabon haihuwa ne, yara da yawa suna da shi.

Na kira uwarsa a waya, ta yi ta kuka, ta ce za ta zo bayan Sallah. Kafin nan muka shirya Mma Napari ta zauna da shi a gidan ƙaninta a Dimbali, matan rumfa uku su riƙa leƙa su. Na buɗe wa Mma nata katin da sunanta, na gaya mata gaskiya cewa yanzu ita ce majinyaciyata, ba magani zan ba ta ba, zama za ta riƙa yi da mu ta faɗi abin da ke cinta. Waƙar nan kuwa na kashe ta. Na kuma kafa sabuwar doka, kun san ni da doka: a rumfar nan yaron Suhuyini ne, duk wanda ya kira shi da wani suna zai gamu da ni.

Mako shida bayan haka ya zama ɗan gidan kowa. Ya yi kumatu, yana bin zabi da gudu, yana ƙwace ƙosai a hannun mutane. Ziblim ya ce da a ce shi ne aka ɗura wa magani wata huɗu ya tashi da ƙarfi haka, da ya nemi ƙari. Aka yi dariya, har Mma Napari ta ɗan murmusa. Na fara jin cewa mun tsallake.

Wata Alhamis rana ta take sosai, iska ta ɗauke. Wata mata tana ba da labarin mijinta, kowa ya mayar da hankali gare ta. Ni kaɗai na ga lokacin da yaron ya daina wasa. Ya saki gwangwanin da ke hannunsa, ya tsaya cak, ya karkata kai kamar mai sauraro. Sai ya mayar da hannayensa baya ya fita daga rumfar. Ba gudu yake ba. Ya wuce famfo, ya wuce bishiyar darbejiya, ya kama 'yar siririyar hanyar da ke bayan asibiti. Hanyar nan dam ɗin Dimbali take zuwa, kuma gidan da suke zaune yana can ɗaya gefen gari, bai taɓa bin ta ba.

Na ce, "Suhuyini, dawo nan." Bai waiga ba. Mata suka ɗauka, "Suhuyini! Suhuyini!" Ziblim ya yi masa fito. Yaron ya ci gaba da tafiyarsa, ciyawar damina ta fara rufe shi, sai tsakiyar kansa kawai nake gani. Na ture benci na bi shi da gudu, silifa ɗaya ta fice, na daina ganinsa gaba ɗaya. Ban yi shawara da kaina ba, muryar ce kawai ta fita, irin wadda nake tsawata wa manya da ita.

"Wumbei! Tsaya nan!"

Ciyawar ta daina motsi. Na same shi tsaye, ya juyo yana kallona, hannayensa har yanzu a baya. Ai wata huɗu kakarsa tana kiransa da sunan, dole ya amsa. Haka na gaya wa kaina, kuma haka nake gaya wa kaina har gobe.

Na ɗauko shi na dawo. A rumfa ba wanda ya tuna min da dokata. Mma Napari ko tashi ba ta yi daga bencinta ba. Ta dube ni, ta dubi akwatin magani a kan tebur, tafin hannunta a buɗe a kan gwiwarta. Na sa makulli na kulle akwatin, na jefa makullin a aljihu. Na zauna da yaron a cinyata na ce wa matar nan ta ci gaba da labarin mijinta. Ta ci gaba, amma ban ji ko kalma ɗaya ba.

Da aka tashi Mma Napari ta zo ɗaukarsa. Ta tsaya a gabana ta sunkuyo, ta yi magana a hankali yadda ba wanda zai ji.

"Madam, sassauta. Kina ji masa ciwo."

Na duba ƙasa. Hannuna yana zagaye da idon sawunsa na hagu, ban san tun yaushe ba. Da na saki, shatin yatsuna ya fito a wurin.